Guantanamera: Amshi Ɗaya, Bakuna Dubu

A shekarun 1940 da na 1950, idan aka yi kisan kai a wata unguwa ta Habana, babban birnin Kyuba, ba jaridar gobe kaɗai mutane ke jira ba. Jira suke Joseíto Fernández ya rera musu labarin. Gidan rediyon CMQ yana da wani shiri da ke ɗauko abin da ya auku a gari, galibi daga bakin 'yan sanda: kishi ya sa miji ya hallaka matarsa, faɗan maƙwabta ya ƙare da zubar jini, da makamantansu. 'Yan wasan kwaikwayo su kwaikwayi abin, shi kuma Joseíto ya ɗaure shi cikin baitoci masu layi goma-goma, bayan kowane baiti a dawo kan amshi guda wanda ba ya sauyawa. Shekara da shekaru ana haka, har sunan waƙar ya shiga bakin mutanen ƙasar da wata ma'ana ta daban. Idan aka ce wa mutum ya kiyaye kada a rera masa Guantanamera, ana nufin ya yi hattara kada ya zama gawar da za a ba da labarinta a rediyo.

Wannan ita ce waƙar da duniya ta ɗauka a matsayin taken zaman lafiya da 'yan'uwantaka. Pete Seeger ya rera ta, Joan Baez ta rera, Celia Cruz, José Feliciano, Julio Iglesias, Nana Mouskouri, Compay Segundo da Wyclef Jean duk sun sa bakinsu. Da wuya a sami wata waƙar Kyuba da ta yi yawon da ta yi. To amma me take cewa? Amsar ta danganta da wacce daga cikin waƙoƙi biyun da ke cikinta ake tambaya, domin gaskiyar magana Guantanamera abu biyu ne aka ɗinke, kuma ɗinkin bai ɓoyu ba.

Abu na farko shi ne amshin, kuma kusan babu komai a cikinsa. Sunan waƙar yana nufin mace 'yar Gwantanamo, wani gari a can ƙuryar gabashin tsibirin, kimanin kilomita 900 daga Habana. Kalmar guajira da ke rakiyar sunan tana da fuska biyu a Sifaniyancin Kyuba: 'yar ƙauye, da kuma wani salon kiɗan ƙauye. Saboda haka mai rerawa yana iya zama yana kiran wata budurwa, yana kuma iya zama yana sanar da irin kiɗan da ake kaɗawa ne kawai. Ba a faɗi sunan matar ba, ba a ce ta yi wani abu ba, ba a ce ana son ta ko ana fushi da ita ba. Kira ne kurum.

Inda waƙa ta bar gurbi kuwa, labarai ne ke cike shi. Mutanen Gwantanamo suna cewa wani makaɗin garinsu, Herminio García Wilson, wanda ake wa laƙabi da El Diablo, shi ya fara harhaɗa amshin a 1929, bayan ya yi wa wata mata ba'ar samari a bakin titi ita kuma ta mayar masa da baƙar magana. Joseíto, haifaffen Habana a 1908, ya ce tasa ce. Shari'ar ta kai har kotun ƙolin Kyuba, wadda a 1993 ta ba Joseíto gaskiya, shekara 14 bayan rasuwarsa. Marubuci Alejo Carpentier kuma tun a 1946 ya nuna cewa ƙarin ya samo jijiya daga wata tsohuwar waƙar baka ta Sifaniya da ta ƙetaro teku tare da 'yan mulkin mallaka. Kotu dai ta yanke wa wanda za a biya, amma ƙarin ya girmi duk masu jayayyar.

Bahaushe ba zai sha wahalar gane wannan tsari ba. Makaɗi yana da amshinsa wanda yaransa ke riƙewa, shi kuwa yana zuba baiti gwargwadon wanda ya shigo fili da abin da ya faru a ranar. Manoman Kyuba suna da irin wannan al'ada ta ƙirƙirar baiti nan take, wadda suke kira punto, har hukumar UNESCO ta sa ta cikin gadon al'adun duniya a 2017. Joseíto daga wannan gidan ya fito. A wurinsa Guantanamera mazubi ce. Yau a zuba mata kisan kai, gobe gaisuwar ranar haihuwa.

Abu na biyu ya fito ne daga hannun mutumin da ya mutu tun ba a haifi Joseíto ba.

An haifi José Martí a Habana a 1853, lokacin da Kyuba ke ƙarƙashin Sifaniya. Iyayensa duka Sifaniyawa ne, mahaifinsa ma ya yi aikin sojan Sifaniya. Yana ɗan shekara 16 aka kama shi da laifin goyon bayan 'yan neman 'yanci, aka yanke masa shekara shida da aiki mai tsanani, aka sa masa mari a ƙafa yana fasa dutse. Raunin marin bai taɓa barin jikinsa ba. A 1871 aka kore shi zuwa Sifaniya, kuma tun daga nan mafi yawan rayuwarsa a gudun hijira ya yi ta, kusan shekara 15 na ƙarshe a New York, yana aikin jarida yana tara kuɗi da mutane don yaƙin ƙwatar ƙasa.

Tsakanin ƙarshen 1889 da farkon 1890 Amurka ta tara ƙasashen nahiyar a wani babban taro a Washinton. Martí ya bibiyi taron a matsayin ɗan jarida, kuma abin da ya gani ya tayar masa da hankali: ya tabbata Amurka tana jiran Sifaniya ta saki Kyuba ne ita ta cafke. Damuwar ta kwantar da shi, likita ya tura shi hutu tsaunukan Catskill a jihar New York. A can ya rubuta mafi yawan waƙoƙi 46 da ya fitar a 1891 cikin ɗan littafin da ya kira Versos sencillos, wato baitoci marasa ado. Bai rubuta su don a kaɗa musu jita ba, kuma babu wata 'yar Gwantanamo a cikinsu.

Wanda ya haɗa auren baitocin Martí da amshin Joseíto shi ne Julián Orbón, masanin kiɗa haifaffen Sifaniya da ya koma Kyuba tun yana saurayi, a ƙarshen shekarun 1950. Dabarar mai sauƙi ce. Layukan Martí gaɓa takwas-takwas ne, daidai da awon layukan da Joseíto ke rerawa, don haka suka zauna a kan ƙarin ba tare da an rage ko an ƙara ba. Sai dai akwai abin da masu fassara waƙar ke yawan tsallakewa: baitocin da ake rerawa ba daga waƙa ɗaya suke ba. An tsinto ɗaya daga waƙa ta 1, ɗaya daga ta 5, ɗaya daga ta 3, sau da yawa a ƙara da ta 39. Jerin da duniya ta haddace Martí bai taɓa ganinsa ba. Duk wanda ya ce ga abin da Martí yake nufi da Guantanamera, ya tuna cewa zaɓin wani yake fassarawa.

Zaɓin dai ya yi kyau, kuma idan aka bi shi a hankali za a ga ya fi kama da wasiyya fiye da waƙar soyayya. Mai magana yana farawa ne da gabatar da kansa, kamar wanda ya tsaya gaban alƙali, kuma shaidar da ya kawo wa kansa guda ce: ba shi da ha'inci. Bai ambaci sunan ƙasarsa ba. Ya ambaci bishiyarta, wata doguwa miƙaƙƙiya dangin kwakwa da giginya, wadda ke jikin tambarin Kyuba. Ɗan gudun hijira ne ke magana, wanda ƙasar ta zame masa hoton bishiya a zuci. Kafin baitin farko ya ƙare ya riga ya ambaci mutuwarsa, yana gaggawar fitar da abin da ke ransa kafin ta zo. Yana da shekara 37 a lokacin. Bai ƙara cikakkun biyar ba.

Baiti na gaba kan waƙarsa yake magana, ya ba ta launi biyu, kore mai sanyi da ja mai ƙuna, sannan ya siffanta ta da barewa mai rauni da ta nufi daji neman mafaka. Mai sauraro daga waje zai ji tausayi ya wuce. Ɗan Kyuba na wancan zamani ya san su wa ke shiga daji. Can bayin da suka tsere daga gonakin rake suke kafa sansani, can kuma mayaƙan neman 'yanci suka ɓuya tsawon yaƙin shekara goma da aka fara a 1868. A ganina barewar Martí ba gudun mutuwa kawai take ba, ta nufi inda ake haɗa rundunar tawaye ne. Ja mai ƙunar nan ma, a bakin mutumin da daga baya ya sayi bindigogi, da wuya a ce launin fure kaɗai yake nufi.

Sai baitin da ya fi kowanne nauyi, inda ya bayyana ɓangaren da ya zaɓa. Ya ce makomarsa da ta talakawan duniya yake so a ɗaure wuri guda. Bai ce zai taimake su ba, bai ce yana tausayinsu ba, irin maganar mai kuɗi ranar rabon zakka. Cewa ya yi abin da ya same su ya same shi. A baitin nan ne kuma ya fifita ɗan ƙoramar tsauni a kan teku. Ana iya ɗaukar wannan a matsayin son rayuwar ƙauye, kuma ba laifi. Amma mutumin da ya rubuta shi ya fito ne daga kallon taron Washinton, inda ƙasa mai girman teku ke lallashin ƙananan maƙwabtanta su shigo cikinta. Wanda ya san wannan zai ji wani abu dabam a ƙoramar.

Baitin farar fulawa shi ne masu son zaman lafiya suka fi riƙewa: fure guda yake renawa, na aboki da na azzalumin da ya cuce shi, ba ya ware wa maƙiyi ƙaya. Mutane suna jin wannan su ɗauka Martí mai ƙin yaƙi ne. Ba haka ba ne, shi ya shirya yaƙin 1895 da hannunsa. Abin da ya ƙi shi ne ƙiyayya. A sanarwar Montecristi da suka sa wa hannu shi da Janar Máximo Gómez a watan Maris na wannan shekara, sun bayyana cewa da mulkin Sifaniya suke faɗa, ba da Basifaniyen da ke zaune lafiya a tsibirin ba. Ɗan da uwarsa da ubansa suka fito daga ƙasar da yake yaƙa ba zai iya faɗin wani abu dabam ba.

Akwai kuma abin da ba a rerawa. A cikin littafin nan akwai waƙar da ke ba da labarin yaro da ya ga an rataye bawa a bishiya, ya yi rantsuwa zai wanke laifin da ransa. Sai a 1886 aka soke bauta a Kyuba, shekara biyar kafin littafin ya fito. Awon wannan waƙa daidai yake da na sauran, za ta hau ƙarin lafiya lau. Masu kaɗa wa 'yan yawon buɗe ido jita a otal ba su cika zaɓenta ba, kuma ba sai an tambayi dalili ba.

Fitar waƙar duniya ta biyo ta wata hanya mai ban mamaki. A bazarar 1962 wani ɗalibin Orbón, Héctor Angulo, yana aiki a wani sansanin hutun yara a tsaunukan Catskill, wato yankin da Martí ya rubuta baitocin shekara 72 kafin nan. Pete Seeger ya ziyarci sansanin, a nan ya koyi waƙar. Seeger ba baƙon rigima ba ne: majalisar dokokin Amurka ta tuhume shi a 1955 kan alaƙa da 'yan gurguzu, manyan gidajen talabijin suka rufe masa ƙofa shekaru. Watanni kaɗan bayan ya koyi waƙar, a Oktoban 1962, rikicin makamai masu linzami na Kyuba ya kusa jefa Amurka da Tarayyar Sobiyet cikin yaƙin nukiliya. Ranar 8 ga Yunin 1963 Seeger ya tsaya a zauren Carnegie na New York ya rera waƙar ƙasar da gwamnatinsa ta ɗauka abokiyar gaba, da harshenta, yana tsayawa yana fassara wa jama'a, yana gaya musu wane ne Martí. A wannan dare rera ta kaɗai matsayi ne na siyasa.

Shekara uku bayan haka, a 1966, wata ƙungiya mai suna The Sandpipers ta sake ta da muryoyi masu laushi kamar na lallashin jariri, ta shiga sahun goma na farko a Amurka da Ingila. Kalmomin Martí suna nan, har da fassararsu ana karantawa a hankali a tsakiya. Nauyinsu ne ya tafi. Wannan sigar ce ta shiga shaguna da ɗakunan jiran jirgi, ita ce kuma ta sa mutane da yawa suke ɗauka waƙar begen wata kyakkyawa ce a bakin teku.

A tsakanin 'yan Kyuba kuwa, waƙar ta faɗa tsakiyar rabuwar da juyin juya halin 1959 ya haifar. Fidel Castro ya ce Martí ne ainihin wanda ya tsara harin da shi Castro ya kai barikin Moncada a 1953 a tunani, filin jirgin saman Habana sunan Martí yake ɗauke da shi, tokar gawar Castro ma a 2016 kusa da kabarin Martí aka ajiye ta a Santiago. A ɗaya ɓangaren, gidan rediyon da gwamnatin Reagan ta Amurka ta buɗe a 1985 don yaƙar Castro da farfaganda, Radio Martí aka sa masa suna. Kowa ya ce nasa ne. Orbón da ya haɗa waƙar ya bar Kyuba a 1960 bai sake zama a can ba, ɗalibinsa Angulo ya koma gida ya zauna. Baitoci guda, malami da ɗalibi kowa da inda ya dosa.

Ba wanda ya fi Celia Cruz nuna yadda baki ke sauya ma'ana. Ta bar ƙasar a 1960, a 1962 mahaifiyarta ta rasu aka hana ta shiga jana'iza. Idan ta rera baitin bishiyar nan, ba a bukatar a yi wa kowa bayani, ita ce mai gudun hijirar. Amma ba da kuka take rerawa ba, da ganguna da ƙahonni da rawa take yi. Haka ta rera ta a Kinshasa a 1974 tare da ƙungiyar makaɗa ta Fania All-Stars, a bikin kiɗan da aka shirya don damben Muhammad Ali da George Foreman, gaban jama'ar da kiɗan Kyuba ya riga ya zame musu na gida ta hanyar rumbar Kongo. A 1990 ta je sansanin sojan ruwan Amurka da ke Gwantanamo ta yi wasa, ta ɗebi ƙasar Kyuba daga wajen shingen. Da wannan ƙasa aka binne ta a New York a 2003.

Sauran tafiyar ta fi sauri. A 1995 Tomás Gutiérrez Alea da Juan Carlos Tabío suka yi fim mai sunan waƙar, kan wani jami'in gwamnati da ya ƙirƙiro tsarin jigilar gawa daga lardi zuwa lardi don tsimin man fetur, waƙar tana bin motar gawar tana ba da labari da sababbin baitoci. Wyclef Jean a 1997 ya kai matar New York ya ba ta labarin da ba ta taɓa samu ba. A Suwidin an mayar da ƙarin tallar mayar da kwalabe da gwangwani. Duk wanda ke zama gidan kallon ƙwallo a Kano ko Maraɗi kuma ya sha jin ta ko bai san sunanta ba, domin da ƙarinta 'yan kallo a Ingila ke kirarin cewa gwaninsu ba shi da na biyu, da shi suke yi wa kocin da aka lallasa albishir ɗin kora da safe.

Akwai masu ganin wannan wulaƙanci ne ga waƙar Martí. Ni ban gani ba. Masu ihu a filin ƙwallo ba su taɓa baitocinsa ba, mazubin Joseíto suka ara suka zuba labarin ranarsu, kuma aikin da aka ƙera mazubin dominsa ke nan. Idan akwai wanda ya ci amanar waƙar, to wanda ya riƙe kalmomin mutumin da ya ɗaura makomarsa da ta talakawa ne, ya tace su har suka dace da ɗakin cin abincin da talaka ba ya shiga sai da tire a hannu.

Saura garin da aka ari sunansa. Gwantanamo gari ne na mutane fiye da 200,000, gidan kiɗan changüí, kuma yana cikin tudu, ba a bakin ruwa ba. Martí yana da alaƙa da yankin wadda Orbón bai ƙirƙira ba. Daren 11 ga Afrilun 1895, shi da Gómez da wasu mutum huɗu suka sauka daga ƙaramin kwalekwale a Playita de Cajobabo, a lardin Gwantanamo na yau, don shiga yaƙin. Ranar 18 ga Mayu ya fara rubuta wa amininsa Manuel Mercado na Meziko wasiƙa, yana cewa duk abin da ya yi, ya yi ne don 'yancin Kyuba ya tare Amurka kafin ta bazu a tsibiran yankin. Bai gama wasiƙar ba. Washegari sojojin Sifaniya suka harbe shi a kan doki a Dos Ríos, yana da shekara 42.

Shekara uku bayan haka, a Yunin 1898, sojojin ruwan Amurka suka sauka a mashigin Gwantanamo da sunan taya Kyuba korar Sifaniya. A 1901 aka tilasta wa sabuwar ƙasar ta sa sharuɗɗan da Amurka ta gindaya mata, waɗanda ake kira sharuɗɗan Platt, cikin tsarin mulkinta, a 1903 ta ba da hayar mashigin, fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 116. A nan Amurka ta buɗe kurkuku a Janairun 2002, wanda mutum kusan 780 suka ratsa, kusan dukkansu Musulmi, mafi yawansu ba a taɓa gurfanar da su gaban kotu ba. Amurka tana aika cekin haya na dala 4,085 kowace shekara. Tun bayan juyin juya hali, sau ɗaya tak gwamnatin Kyuba ta karɓi kuɗin, kuma Castro ya ce shi ma kuskure aka yi.